Kalmar Kaza da Ƴaƴanta

Yau zancenmu a kan kaza yake. Ba kiwonta za mu koya muku ba, wannan kun fi mu sani. Sunanta za mu duba: yadda ake rubuta shi, abin da Bahaushe ke nufi in ya ambace shi, da abin da ke samunsa in an ɗauko shi daga wani harshe an kawo wani.

Mu fara da rubutu. Ku ɗauki alli ku rubuta k, a, z, a. To, me kuka rubuta? In kun ce tsuntsuwar gida mai ƙwai, kun yi daidai. Amma wanda ya ce "ya ba ni kuɗi kaza, ran kaza, a wuri kaza", shi ma da waɗannan haruffa huɗu zai rubuta tasa. Wannan ta biyu daga Larabci ta zo mana, ƴar'uwar "kazalika" ce, ba ta da gashi, ba ta yin ƙwai. A baki ba a rikita su, don ta cikin akurki ana jan "ka" ɗinta, ɗayar kuwa ba a ja. A takarda ne suke zama tagwaye.

Dattawan da suka shiga ajin yaƙi da jahilci tun da wuri za su ce ba haka aka koya musu ba. Gaskiyarsu. Bayan taron da hukumar UNESCO ta kira a Bamako cikin 1966, a nan Nijar an riƙa ninka wasali mai ja, ana rubuta "kaazaa" dabam, "kazaa" dabam. Cikin watan Janairu na 1980 masanan Nijar da na Najeriya suka zauna a Yamai don rubutun Hausa ya zama ɗaya a ƙasashen biyu, daga nan aka bar ninka wasula. Rubutu ya yi sauƙi, amma nauyi ya koma kan mai rubutawa. In ka aika wa ƙanenka takarda daga Abija ko Legas ka ce "ka ba Malam kaza", kada ka yi mamaki in ya kama ta cikin akurki ya kai, alhali kuɗin da kuka yi magana a kansu kake nufi. In kuɗi ne, rubuta lambarsu: jika 5, jika 10.

Jam'in kaza kaji. Harafin z ya koma j saboda i da ke biye da shi, kamar yadda muke cewa maza da miji, ko kare ya ciza, ya ciji yaro. Nan ma akwai tarko. "Kaji" a haɗe tsuntsaye ne. "Ka ji" a rabe magana ce ake yi da kai, kunnenka ake nema. Ɗan filin nan da ke tsakanin "ka" da "ji" shi ne dukan bambancin, kuma sabbin masu rubutu sun fi mance shi fiye da kome.

Ku mutanen Tawa, Barmu, Kalfu, Afala da Takanamat kuna da wani abin lura na dabam. A Adar ana cewa "kazag gida", "kazam Malam", "kazat Tanko", harafin ƙarshe yana rikiɗa ya bi na gabansa. Wannan ba kuskure ba ne, Hausa ce tsantsa, har wani masani Bafaranshe, Bernard Caron, ya rubuta littafi sukutum a kan Hausar Adar, ya fito cikin 1991. Ku ci gaba da faɗin abinku yadda kuka gada. Amma in za ku rubuta, ku sa r: kazar gida, kazar Malam, kazar Tanko, don na Damagaram da na Kano su karanta ba tare da tuntuɓe ba.

Yanzu mu shiga fassara, inda zancen ya fi nauyi. Tun cikin 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Ke nan takardun da ake juyawa daga Faransanci zuwa Hausa sai ƙaruwa, kuma kowane mai karatu a ƙauye tafinta ne ko ya so ko bai so ba.

Bahaushe na da zakara, da kaza, da sagara wadda ba ta fara ƙwai ba, da ɗan tsako. Yana da fingi mai birkitaccen gashi, da durgu mai gajerun ƙafafu. Bafaranshe kuma na da coq, da poule, da poussin, waɗannan sun yi daidai da zakara, kaza da ɗan tsako. Amma yana da poulet, wadda ba ta damu da namiji ko mace ba: matashiyar kaza ce ta yanka, ko namanta a cikin kwano. Mu ba mu raba mai rai da dafaffiya, duk kaza ce. Shi ya sa in takarda ta ce poulet de chair, kajin nama ake nufi, in ta ce pondeuse, kajin ƙwai. Ita kuwa tamu ta gida, mai kiwon kanta a bola da gindin rumbu, wadda ake ratayowa a bayan keke ko babur zuwa kasuwar Tawa ran Lahadi, mutanen birni sun laƙaba mata poulet bicyclette, wato kazar keke.

Kalmar da ta fi haɗari ita ce volaille. Sau da yawa akan fassara ta da "kaji" kawai, a wuce. Ba daidai ba ne. Volaille ta haɗa kaji, da zabi, da agwagi, da talotalo, duk tsuntsun da ake kiwo a gida don nama ko ƙwai. Ku tuna cikin watan Fabrairu na 2006, da aka tabbatar murar tsuntsaye ta shigo Nijar, a Magariya ne cikin jihar Damagaram, kuma a jikin agwagi aka same ta. To, in sanarwar likitan dabbobi ta ce a killace volaille, ko a kawo su allura, mai fassara ya ce "kaji", matar da ke da zabi 20 za ta ce ba da ita ake ba. Ta bar su suna yawo, cuta ta bi gida gida. Ga mace a ƙauye kuwa, waɗannan tsuntsaye su ne asusunta: kuɗin magani, sabulu, littafin yaro, duk daga nan suke fitowa. In kun ci karo da wannan kalma, ku jera su da sunansu ɗaya ɗaya, ko da zancen zai yi tsawo.

A karin magana kuma, kazar Bahaushe da ta Bature ba halinsu ɗaya ba. In mai jin Ingilishi ya kira mutum chicken, matsoraci yake nufi. Bafaranshe ma haka, sai dai shi yakan jiƙa ta tukuna, ya ce poule mouillée, jiƙaƙƙiyar kaza. Mu kuwa in mun haɗa kaza da tsoro ba zagi ba ne, uzuri ne: kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa. Mai iyali ne ke taka-tsantsan. Laifin da muka ɗora mata dabam ne. Na farko butulci, don ta ci ta goge baki a ƙasa kamar ba ta ci ba. Na biyu bin diddigin abin da bai shafe ta ba, har garin tone-tone ta tono wuƙar yanka ta. Muna kuma jan kunnen mai jin ya shaƙu da manya da cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Duk da haka mun san tana da rana, tun da albarkacinta ƙadangare ke shan ruwan kasko.

Zakara shi ya more. Masana da yawa na ganin sunansa daga Larabci ya fito, daga kalmar da ke nufin namiji. A bakinmu ya zama gwani, wanda ya fi kowa. Cikin 1975, da aka yi kokowar ƙasa ta farko a nan Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya zama zakara. Wanda ya fassara wannan da coq ya ɓata labarin, champion ake cewa. Haka in mai ba da labarin wasa ya ce poule A da poule B, ba akurki ya shiga ba, rukuni yake nufi.

Akwai wasu na ban dariya. Direban da ya fito daga Tawa zuwa Abalak in ya yi kukan nids-de-poule, ba sheƙar kaji ya tarar ba, ramukan hanya ne. Chair de poule ba naman miya ba ne, tashin tsikar jiki ne. A titunan Faransa kuwa poulet ɗan sanda ne, don cikin 1871 an mai da hedkwatar ƴan sandan birnin Paris wani bariki da aka gina a tsohuwar kasuwar kaji. Wannan dai ku san ta kawai, ba mu ce ku gwada ta a kan kowa ba.

Maƙwabtanmu fa? Zabarmawa na cewa gorŋo, Fulani gertogal, Larabawa dajaja. Babu mai kama da tamu. Amma ku saurari Abzinawan da kuke ciniki da su a Tabalak ko Cintabaraden: zakara ekaji, kaza tekajit. Kun ji kaji a ciki? Masana harshe sun daɗe da lura da wannan kama, wasunsu ma na ganin ta arewa sunan ya gangaro mana, ta hanyar ayari.

A sama ma akwai ta. Tarin ƴan taurarin nan da Larabawa ke kira Surayya, mu Kaza da Ƴaƴanta muke ce musu. Abzinawa ba kaza suka gani ba, ƴan matan dare suka gani. Manoman Faransa na dā kuwa la Poussinière suke ce musu, wato matattarar ƴan tsaki. Nan kam fassara ba ta wahal da kowa ba.

Ga aikin wannan mako. Malamin aji ya karanta da ƙarfi, ɗalibai su rubuta a allo, sa'an nan a duba inda kowa ya bar fili da inda ya haɗe: "Ka ji kaji na kyarkyara? Kazar Inna ta yi ƙwai 7. Ka kai kaji da zabi da agwagi allura ran Lahadi."