Kan Jirgin Tururi a Kan Tebur

Layin dogo bai ratsa Kafur ba, amma audugar Kafur ta sha hawa jirgi. Tun da aka kammala layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929, manomin yankin nan ya san inda amfaninsa ke zuwa: a gurje auduga, a ɗaure ta, a loda a tarago, kan jirgi mai cin kwal ɗin Inugu ya ja ta har Ikko. Yaran yau ba su taɓa jin kukan wannan inji ba, domin tun tsakiyar shekarun 1950 masu shan dizal suka fara ture shi.

A Ingila da Amurka akwai mutanen da ba su yarda irin waɗannan injuna su ɓace ba, sai suke ƙera ƙananansu. Abin da ya raba aikinsu da motar kara da yaranmu ke yi bayan girbin dawa shi ne awo. Yaro da ido yake aunawa, su kuwa da lissafi. A ma'aunin da ake kira HO, kowane sashe sai an rage shi sau 87, daga tukunyar tururi har ƙusa. Katafaren injin dakon kaya na Amurka, Big Boy, wanda aka fara ƙerawa a 1941, tsawonsa ya kai mita 40. Ƙaraminsa bai cika rabin mita ba. Wasu ma sukan sa wa nasu ruwa da wuta, ya yi tururi ya ja kaya da gaske.

Mu ma muna da abin kwaikwayo. Akwai Garratt na kamfanin Beyer Peacock da ke Manchesta, mai tukunya a tsakiya da inji gaba da baya, wanda ya iso Nijeriya a 1930. Akwai kuma waɗanda Vulcan Foundry ta fara kawowa a 1948, aka raɗa musu sunayen koguna: ƙananan ƙafafu 2 a gaba, manya 8 masu ja, 2 a baya. Sai dai mai ƙira ya kula, faɗin dogonmu na da milimita 1,067 ne, bai kai na Turai ba, don haka a HO kimanin milimita 12 zai zama.

Ni dai ban ga abin da zai gagari maƙeran Funtuwa da Malumfashi a nan ba, mutanen da ke mai da gwangwani fitila. Abin da suka rasa zane ne da awo. Tsofaffin hotunan jiragen ƙasa kuwa suna gidan tarihi na Jaekel House a Ebute Metta, sai malamin makaranta mai himma ya nemo musu.