Baure Da Magarya: Zumuncin Da Ya Girmi Kan Iyaka

Tun lokacin yaƙin duniya na biyu biranen Turai suka fara ƙulla ƙawance a tsakaninsu, inda birnin Kwabantiri na Ingila ya haɗa hannu da Sitalingirad ta Rasha cikin 1944. A Amurka kuma Shugaba Aizinhawa ya kafa irin wannan shiri cikin 1956, don talakawa da hukumomin gari su san juna ba sai ta hanyar jakadu ba.

Ƙaramar Hukumar Baure da ke masarautar Daura ba ta bukatar ƙetare teku neman abokin ƙawance. Daga Babban Mutum in an miƙa arewa sai Magarya, cikin Jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Harshe ɗaya ne, kasuwanni a haɗe, ga auratayya tun kaka da kakanni. A ƙarni na 19 Baure tana ƙarƙashin ikon Damagaram, kafin Ingilishi da Faransawa su shata iyaka tsakanin 1898 da 1906.

Gwamnatocin ƙasashen biyu sun kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar cikin 1971, mai hedkwata a Yamai. Amma duk shawarar da ta shafi iyaka daga manyan birane ake yanke ta, mutanen bakin iyaka kuwa su ke ɗanɗana kuɗarta. An rufe iyakar daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Kowane karo ɗan kasuwa da makiyayi da mai ziyarar dangi su suka fi jin jiki.

Tsarin mulki ya bar harkokin waje a hannun Gwamnatin Tarayya. Duk da haka rigakafin cututtukan dabbobi, kiyaye burtali, sasanta manoma da makiyaya, da bin sawun ɓarayin shanu, ayyuka ne da ba su jiran jakada. In shugaban ƙaramar hukuma da hakimai za su riƙa zama a kai a kai da takwarorinsu na Magarya, da izinin gwamnati, da yawa daga cikin rigingimun nan za su mutu tun ba su kai babban birni ba. Ai Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.