Tsiro a al'aura: abin da ya kamata mai fargaba ya sani

A Tanda, kamar sauran garuruwan jihar Dosso, kunya na hana mutane da dama nuna wa likita ƙananan tsiron da ke fitowa a al'aura, waɗanda Faransawa ke kira zankon zakara. Mai su yakan kwana da tunanin ko sankara ce.

Ƙwayar cutar HPV ce ke kawo su, ta hanyar saduwa. Tana da iri fiye da 100. Iri na 6 da na 11 ke haddasa kusan kashi 90 cikin 100 na tsiron, kuma da wuya su zama sankara. Iri na 16 da na 18 ne ke janyo kusan kashi 70 na sankarar bakin mahaifa, su kuma ba sa nuna alama da wuri. Yawancin waɗanda suka kamu, jikinsu na kawar da ƙwayar cikin shekara biyu.

Ƙwayar kan ɓuya watanni ko shekaru kafin tsiron ya bayyana, don haka fitowarsa ba hujjar zargin miji ko mata ba ce.

Kada a yanke shi da reza ko a shafa maganin kasuwa. A CSI ko asibitin Gaya za a duba, a ba da magani, kodayake yakan dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya OMS na shawartar mata su fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, masu ƙwayar sida kuwa daga 25.