Hanyar Jirgin da Ta Koma ta Masu Keke



Tun da na samu keke Mama ta hana ni hawa babban titi, saboda motocin Bristol ba su raga wa yaro. Keken ya yi wata huɗu jingine a bayan gida, ni kuwa ina ɗaki da waya a hannu. Na san a gidaje da yawa haka abin yake. Shi ya sa nake so in yi muku bayanin hanyar da ta raba wannan gardama a gidanmu, wato hanyar keke da ta tashi daga Bristol zuwa Bath.

Tsawonta mil 13 ne, an shimfiɗa mata kwalta, kuma mota ba ta bin ta. Asalinta layin dogo ne. A 1966 aka daina jigilar fasinja tsakanin Mangotsfield da Bath, daga baya aka cire ƙarafan. Ƙungiyar Sustrans ce ta gyara ta tsakanin 1979 da 1986, da taimakon 'yan sa-kai.

Me ya sa tsohon layin dogo ya dace da keke? Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, domin ƙafafunsa na ƙarfe santsi suke yi a kan dogo. Don haka maginan suka fasa tuddai, suka cike kwaruruka, suka bi gefen kogi inda ƙasa ta kwanta. Wahalar da suka sha ita muke mora yau. Ƙanwata mai shekara tara ta yi tafiyar nan ba ta sauka ta tura ba.

Ranar wata Asabar muka tafi tare da Baba. A Staple Hill hanyar ta ratsa ƙarƙashin ƙasa, akwai fitilu amma da sanyi, ruwa na ɗiga daga sama. A Mangotsfield bangon tsohuwar tasha yana nan tsaye ba rufi. A Warmley ɗakin jiran jirgi ya zama wurin shan shayi. A Bitton kuwa muka ga jirgi mai aiki da kwal da tururi, wanda masu sha'awar tarihi ke kula da shi. Daga nan gidaje suka ragu, sai gonaki da shanu, hanyar ta riƙa tsallaka kogin Avon a kan gadojin jirgi har muka wuce Saltford muka shiga Bath.

Ga wanda zai je, ga abin da na koya. A riƙe hannun hagu, a kaɗa ƙararrawa kafin a wuce masu tafiya a ƙasa. Za a haɗu da karnuka da yawa, a rage gudu kawai, kada a firgita. A sa hular kwano, a duba birki, a ɗauki famfo da kayan faci. Mu mun manta famfo, tayar Baba ta sace a Saltford, sai da wani dattijo Bature ya ara mana nasa.

Sai batun salla. Na tambayi Malam ko za mu yi ƙasaru, ya yi dariya ya ce a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48. Muka ɗauki ruwan alwala da darduma, muka yi Azahar raka'a huɗu a kan ciyawa kusa da kogi. A tuna kuma, a watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, saboda haka a fita da wuri.

Roƙona ga iyaye shi ne, idan tsoron mota ne ya sa kuka hana, ku zo ku ga hanyar da idonku. Mama ta ce in an sake zuwa da ita za a je, ta riga ta sa Baba neman aron keke.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ƙara mana lafiya. Wassalam.