Rigachikun: Inda sauron zazzaɓi ke hayayyafa idan damina ta sauka

Da zarar damina ta kankama a Rigachikun da ke Ƙaramar Hukumar Igabi, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, sai masu shagunan magani su fara ganin iyaye mata goye da yara masu zafin jiki. Yawancin mutane kwata suke ɗora wa laifi, amma sauron da ke ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, wato Anofilis, ya fi son ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa.

Irin wannan ruwa ba ya wuya a garin da kullum ake sabon gini. Ramin da aka haƙi ƙasa, sawun tayar tifa a kan hanyar da ba kwalta, tushen ginin da aka bari bai tashi ba, duk matattara ce. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan da macen ta saka ya zama sauro mai tashi. Cike ramin da ƙasa ko buɗe wa ruwan hanya yana katse wannan haihuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a Najeriya suke, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne suka fi mutuwa.

Anofilis da dare yake cizo, shi ya sa gidan sauro mai magani ya fi kowace kariya tasiri. Sai dai a gidaje da dama zafi kan sa a naɗe shi, wasu ma shingen lambu suke yi da shi. Sabo ana shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a rataya, kuma yakan yi kimanin shekara 3.

A Jihar Kaduna ana bi gida-gida da damina ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi kyauta kowane wata, na kwana uku a jere. Mai raba magani na ranar farko kawai yake gani an sha. Sauran kwana biyun suna hannun uwa. Masu juna biyu kuma suna karɓar nasu a wurin awon ciki.

Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi gwaji a ranar, kafin a sayi magani. Idan ya fara jijjiga ko ya kasa shan nono, asibiti ne kai tsaye.