Jiragen Da Suka Shekara Suna Gudu Babu Fasinja

A watan Mayu na shekarar 2021 ne sababbin jiragen ƙasa suka fara kai da komowa a ƙarƙashin birnin Landan, kowanne bisa lokacin da aka yanka masa, amma babu fasinja ko ɗaya a ciki. Sai da aka shekara cur ana haka, sannan aka buɗe wa jama'a wannan hanya mai sunan Sarauniya Elizabeth, ran 24 ga Mayu, 1 ga wata bai zagayo ba aka ga cunkoso a tashoshinta.

Mutanen birnin dai sun yi ta gunaguni, kuma da gaskiyarsu. An gama haƙa ramukan, masu tsawon kilomita 42, tun 2015, an kuma yi musu alkawarin hawa a watan Disamba na 2018.

To, ashe haƙa ita ce mai sauƙin. Abin da ya ɗaure wa injiniyoyi kai shi ne sigina, watau alamomin da ke gaya wa jirgi ya tafi ko ya dakata, domin kuwa iri uku ne a hanyar. A tsakiyar birni kwamfuta ce ke jan jirgin, ta tsai da shi daidai da ƙofofin gilashin da ke bakin dandamali. Wajen filin jirgin sama na Heathrow umurni a allon gaban direba yake fitowa, a tsofaffin layuka kuwa fitilun gefen hanya yake duba. Tilas jirgi ya saki wannan tsari ya kama wancan ba tare da tangarɗa ba. Saboda haka aka fara gwaji da jirage 4 a awa guda, aka yi ta ƙarawa sannu a hankali har suka kai 12.

Su kuma direbobi, a ɗakin tuƙi na kwaikwayo aka riƙa horar da su, inda malami zai jefo wa mutum matsala ba zato, ya ga yadda zai yi da ita. Jirgi guda yana ɗaukar mutum 1,500, ba a koyon aiki a kansu.

Daga watan Nuwamba na 2021 aka shiga gwaje-gwaje fiye da 150 tare da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da ma'aikatan motocin asibiti. An tara 'yan sa kai, aka tsai da jirgi kamar ya lalace, aka fitar da su da ƙafa.

Duk da haka, ranar buɗewa tashar Bond Street ba ta kammalu ba. Jirage suka riƙa wuce ta ba tsayawa har watan Oktoba na 2022.