Baje Ƙasa da Bokitin Tarakta: Dalilin Haɗari da Hanyar Kauce Masa

Tarakta mai bokiti a gaba takan sauƙaƙa aikin baje gona ko filin wasan makaranta. Amma kifewa tana cikin manyan abubuwan da ke hallaka direbobin tarakta, bokitin nan kuwa yana ƙara yiwuwarta. Mene ne dalili?

Kowane abu yana da gurbin da nauyinsa ya tattaru, wanda masana kimiyya ke kira cibiyar nauyi. Muddin cibiyar tana ƙasa-ƙasa, a tsakanin tayoyi, tarakta na zaune daram. Da zarar an cika bokiti an ɗaga shi sama, sai cibiyar ta yi sama, ta kuma matsa gaba. Daɗin daɗawa, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba a tsakiya kaɗai aka maƙala shi, don ya riƙa lilo a kan kunya da kwari. Ke nan tarakta a kan duwatsun murhu uku take, ba huɗu ba. Ƙaramin rami ko kwana da gudu ya isa ya kifar da ita.

Saboda haka, a yi tafiya da bokiti kusa da ƙasa, a ƙaramar giya, a kuma rataya wani nauyi a baya don tayoyin baya su kama ƙasa sosai. A kan gangare, a hau ko a sauka a miƙe, bokitin da ke da kaya yana fuskantar tudu. Kada a ratsa a kaikaice.

Wajen bajewa, a kankare tudu kaɗan-kaɗan a zuba cikin kwari. Sa'annan a sauke bokiti, a ɗan karkata bakinsa, a ja da baya sannu a hankali don ya share ƙasar. A guji yin aikin a jiƙaƙƙiyar ƙasa, domin tayoyi kan danne ta har saiwa da tana su rasa iska.

Kada a ɗauki mutum cikin bokiti, kada kowa ya tsaya ƙarƙashinsa. Tun 1959 ƙasar Suwidin ta wajabta sanya ƙarfen kariya bisa kujerar direba a sababbin taraktoci. Inda akwai shi, direba ya ɗaura bel, don in an kife ya kasance a cikin kariyar. In an gama aiki, a sauke bokiti ƙasa, a ja birki, a kashe inji kafin a sauka.